Baƙin Keken Malam da Rufin Ɗakin Haihuwa

Shekara ashirin da bakwai maigidana ya yi yana aikin palanto a Tawa, wato mai kai takardu daga wannan biro, ofishin gwamnati, zuwa wancan, kuma duk a kan keke ɗaya ya yi su. Baƙin keke ne irin na da, mai nauyi, wanda in ya faɗi sai an sa hannu biyu a tada shi. Da ya aje aiki bai aje keken ba. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa suna da ɗaurin aure a ƙauyuka. Ni Malam nake ce masa, yara kuma su ce Baba.

Ɗiyarmu ta biyu tana aure a wani ƙauye kusa da Takanamat. Haihuwarta ta biyu a hanya ta zo mata, a bisa amalanke, ana ƙoƙarin kai ta likita, yaron kuma bai zo da rai ba. Ba zan tsawaita wannan ba. Bayan haka mazan garin suka buga tubali suka gina ɗakin haihuwa a gefen 'yar likitarsu, wato ƙaramin asibitinsu, amma ƙarfinsu ya ƙare a bango. Damina biyu ɗakin ya yi a buɗe, awaki na kwana a ciki. A shekarar da nake ba da labari ɗiyar tamu ta sake samun ciki, lissafinta kuma ya faɗa tsakiyar damina.

Cikin sanyin wannan shekara wasu matasa masu ƙungiyar keke a Tawa suka shirya tseren taimako don a rufe ɗakin. Shugabansu wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, siriri, mai yawan duba agogo. Ya zo masallacin unguwarmu ya yi bayani. Za a tashi daga Tawa a je Bambeye, a dawo Tawa, sannan a miƙe arewa har ƙauyen. Sun ce tafiyar ta haura kilomita ɗari. Kowane mai keke zai nemi wanda zai tsaya masa da alkawarin kwanon rufi, ɗaya ko biyu ko abin da ya samu. In ya isa cikin awa takwas, a ba da kwanon. In ya wuce lokaci, alkawari ya faɗi.

Malam ya dawo daga masallaci ya ce mini ya ba da sunansa. Ina tankaɗe a lokacin. Na ce, "To, Allah ya taimaka." Na san abin da ke ransa. Tun ranar amalanken nan bai taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya, amma duk lokacin da ya je ƙauyen sai ya zagaya ya dubi bangon.

Yana da taubashi, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, mai fataucin albasa. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ga shi yanzu duk sun yi furfura ba su daina ba. Da labari ya kai masa, bai ko jira gari ya waye sau biyu ba, ya zo a kan babur ɗinsa ya same mu a tsakar gida, Malam na shan shayi da cuku.

"Wai gaskiya ne abin da ni ji? Kai za ka yi tsere da yara? Kai da gwiwarka ke ƙara kamar tsohon ƙyaure in za ka tashi daga sujada?"

Malam ya ce, "Zamna ka sha shayi, bawana. Gwiwar nan ta kai takardu inda babur ɗinka bai san hanya ba."

"Wa at tsaya maka?"

"Ban samu ba tukuna."

"To ka samu. Kwano ashirin bisa wuyana." Ya juyo wajena. "Matarmu, ki zama shaida. In ya isa cikin awa takwas, ashirin cif. In bai isa ba, ko ƙusa ɗaya ba ni badawa, kuma sai na sa maroƙi ya zagaya kasuwa da labarinshi."

Muka yi dariya, amma da ya tafi sai muka fara lissafi. Yawancin matasan kwano ɗaya ko biyu aka tsaya musu. Ashirin ɗin nan kusan rabin rufin ne. Mun kuma san halin mutumin: abin da ya faɗa a gaban mutane ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Ya faɗa ne don ya tabbata ba zai biya ba. Daga wasan taubasai, rabin rufin ɗakin ya koma kan ƙafafun mutum mai shekara kusan sittin.

Sauran wata biyu da 'yan kwanaki kafin tseren. Malam ya ce in riƙa riƙe masa lokaci. Na ɗauko ragowar littafin da nake zuwa da shi ajin yaƙi da jahilci, na ja layi, na rubuta "fita" a gefe ɗaya, "dawowa" a ɗaya gefen. Agogon salula, wato wayar hannu, nake dubawa. Na farke wani tsohon zane na cusa masa auduga na ɗinke a kan sirdin keken. Kullum da yamma ina shafa masa man shanu a gwiwa, yana cewa ba ya ciwo, ina jin yadda yake ɗauke numfashi.

Ranar farko da ya gwada zuwa Bambeye da dawowa, malamin lakwal ya ce kada ya wuce awa huɗu in yana son ya samu sauran lokaci na hanyar arewa. Ya fita bayan asuba. Hantsi ya yi, rana ta take, aka kira azahar, babu Malam. Sai bayan na idar da salla na ji ƙararrawarsa a ƙofar gida. Awa bakwai da rabi. Ya shigo da zabuwa ɗaure a bayan keke, da ƙullin kuka, da gaisuwar mutum kusan goma da aka ce ya isar mini.

Na ce, "Malam, ƙafar ce?"

"Ƙafa lahiya lau. Ko gajiya ban ji ba."

"Taya ta yi faci?"

"Ko kusa."

Na zuba masa ruwa, na bari ya ci abinci, sannan na ce ya faɗa mini duk inda ya tsaya in rubuta. Ya fara lissafi. Gindin tsamiyar da kawunsa ke zama. Ƙofar gidan liman na ƙauye na gaba, wanda suka yi karatun allo tare. Rumfar wani tsohon maƙeri. Bakin rijiyar da ya tarar da surukin ƙanensa. Da muka gama, wuri goma sha ɗaya na ƙirga a tafiya, kuma a dawowa ya sake tsayawa a takwas daga ciki don kada a ce ya wuce ba sallama.

Wanda bai san Malam ba zai ce ai ɗaga hannu ya isa. A wurinsa ba haka ba ne. In ya hango manya zaune, tun daga nesa yake sauka, ya turo keken da hannu, ya jingine shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A tambayi kwana, a tambayi gida, a tambayi sanyi, a tambayi bisashe, a koma kan gida. A kawo ruwa ya sha. In an dama fura sai ya jira ta. Haka mahaifinsa ya koya masa, haka ya yi shekara ashirin da bakwai da takardun gwamnati a jaka, kuma ba a taɓa cewa takarda ta ɓata a hannunsa ba, sai dai ta makara.

Na ce a hankali, "Ranar tseren dai sai ka daure ka wuce."

Ya aje kofi ya dube ni. "In wuce kawuna bisa keke, kamar ɗan kabu-kabu? Shina zamne, ni ina sama?"

"Rana ɗaya ce."

Bayan kwana uku ya gwada. Ya dawo cikin awa biyar, ya ce ya wuce rumfar maƙerin nan da ɗaga hannu kawai, haka ya yi wa wasu wurare huɗu. Na yi murna na rubuta. Shi kuwa tuwo ya kasa ci. Ya zauna yana juya loma, ya ce tsohon maƙerin ya miƙe tsaye don ya tarbe shi, ya ga lokacin da ya koma ya zauna. Da safe ya ɗauki keke ya koma har can ba da haƙuri, ya yini. Ranar ba ta shiga littafi ba.

Na fara tsoro a raina. Ƙarfi yana da shi, wannan na gani. A hawan dutsen nan na bayan gari, inda matasa ke miƙewa tsaye a kan feda suna huci, shi a zaune yake hawa, a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Faci kuwa kafin yaro ya gama neman inda ƙayar ta shiga, shi ya liƙe ya buga iska. Amma in aka tafi a haka, gaisuwa za ta cinye rabin rufin.

Shi ya samo mafita da kansa. Wata safiya yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya ce, "Can biro, in mutum ba shi zuwa aiki ran Talata, ba ran Talata yake faɗi ba. Tun ran Alhamis yake neman izini." Ya sa na ƙulla masa goro ƙulli-ƙulli. Sati biyu ya yi yana bin hanyar, kudu da arewa, yana sauka a kowace majalisa. Ya yi gaisuwarsa cikakkiya, ya aje goro, sannan ya yi bayanin ɗakin da kwano ashirin da awa takwas, ya roƙi a yafe masa saukar rana ɗaya.

Ya ce wasu sun yi dariya har da hawaye. Kawunsa ya ce, "Kai yaron ga, tun da aka haihe ka ba ka taɓa sauri ba, sai yanzu?" Akwai kuma wani dattijo a hanyar Takanamat, aminin marigayi mahaifinsa, wanda muke ce wa Baba. Shi ya daɗe yana tauna goron kafin ya ce, "Ka wuce, mun yahe. Amma ka kaɗa muna ƙararrawa sau biyu, mu san kai ne, mu bi ka da addu'a." Wannan magana ta bi ƙauyuka, kowa ya ce shi ma haka za a yi masa.

Daga nan littafina ya fara kyau. Awa huɗu da kwata. Awa huɗu. Huɗu saura minti goma. Sau ɗaya ya yi tafiyar duka, ya isa ƙauyen da ragowar minti ashirin da biyar, ya kwana can wajen ɗiyarmu. Taubashinsa da ya ji, ya aiko yaronsa na shago da saƙo wai a gaya wa Malam farashin kwano ya tashi, ya ji tausayin mai iyali ya rage gudu.

Ranar tseren aka taru bayan asuba. Matasa sun fi talatin, da kekunansu marasa nauyi masu canjin gudu, wasu da hular kwano da gajeren wando. Malam da doguwar rigarsa ya zo, ya naɗe ta a ƙugu, aka manna masa lamba a baya. Ni aka ba ni wuri a motar da za ta bi na ƙarshe, mai ɗauke da bidon, wato jarkar ruwa, da wata ma'aikaciyar likita, motar ce kuma za ta kwashi duk wanda ya gaza. Malamin lakwal ya ɗaga hannu ya sauke da ƙarfe shida da rabi. Ke nan biyu da rabi na rana lokaci zai cika.

Kafin mu fita gari matasan sun ɓace. Malam ne na ƙarshe, mu kuma muna bayansa. Direba ya ce, "Inna, anya tsohon nan?" Na ce ya dai bi shi.

Abin da na gani a hanyar Bambeye ba zan manta ba. A gindin tsamiya kawunsa ba a zaune yake ba, ya fito bakin hanya da sandarsa, da mutanensa. Malam ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji, ƙafafunsa na ci gaba da juyawa. Tsohon na ɗaga sanda yana cewa, "Wuce! Wuce, kada ka sauka!" Haka a wajen liman, haka a rumfar maƙeri. Wata tsohuwa da ba ta ji sharaɗin ba ta fito da ƙwaryar fura tana kiransa. Na ga keken ya yi tangaɗi, na ga ƙafarsa ɗaya ta bar feda. Na leƙa ta taga na ce, "Iya, kawo nan, ni ce matarshi!" Muka karɓa a madadinsa, na yi mata godiya biyu, tawa da tasa.

Goma da rabi saura kaɗan muka sake ratsa Tawa. Daga nan hanya ta canza. Jan dutse ne da fako, sai kuma kwarin yashi inda dole a sauka a tura. Rana ta yi sama, sanyin safe ya tafi. Muka fara tarar da matasa a gefen hanya, wannan sarƙa ta tsinke, wancan ƙafa ta riƙe, wani kuma ya yi gudu da yawa tun farko ya amayar da abin da ya ci. Aka ɗora su a mota da kekunansu, mutum biyar. Malam ya wuce su da gudunsa na kullum, yana cin dabino ɗaya-ɗaya daga aljihu. Yaran da farko suna kunya, daga baya suka koma yi masa kirari daga bayan mota.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci muka hango garin Baba, aminin mahaifinsa. Daga nan zuwa ƙarshe, ranar da ya gwada, minti hamsin ya yi. Na duba salula na ce alhamdu lillahi, akwai rarar kusan rabin awa.

Sai na ga tabarmi. An shimfiɗa su a bakin hanya, a inuwar bango, maza sun fi arba'in a zaune, ba mai magana. Ga buta, ga takalma a jere. Ba sai an gaya wa mutum ba. Daga baya muka ji matar ƙanen Baba ce ta rasu da safe, an dawo daga kai ta ke nan.

Hannun Malam ya tafi kan ƙararrawa, ya tsaya a can bai kaɗa ba. Ya ja birki. Ya sauka.

Yaran da ke mota suka yi ca. "Baba, lokaci! Baba, ka dawo gobe!" Ɗaya ya ce mini, "Inna, ki yi mishi magana mana." Ni da na yi wata biyu ina roƙonsa ya daina sauka, sai ga ni ina buɗe ƙofar mota. Na gyara mayafina na sauko ni ma.

Ya tura keken ya jingine, ya tuɓe takalmi, ya saki rigarsa ta rufe lambar, ya je ya durƙusa gaban Baba. Ina wucewa zuwa cikin gida na ji tsohon na cewa, "Ba mun ce ka wuce ba?"

Malam ya ce, "Izinin da kunka ba ni na lahiya ne, Baba. Ban roƙi na mutuwa ba."

Na shiga wajen mata. Ban san marigayiyar sosai ba, sau biyu muka taɓa haɗuwa a biki. Na gaida 'ya'yanta, na ce Allah ya jiƙanta, ya ba su haƙuri, na zauna a gefen tabarma. Salula na cikin zanena. Zan faɗi gaskiya, sau biyu na ɗaga bakin zanen na duba, a gidan mutuwa, ina jin kunyar kaina. Babbar ɗiyarta ta riƙe hannuna tana ba ni labarin yadda ciwon ya fara. Na saurare ta har ta kai ƙarshe.

Da na fito an ɗaga hannu ana addu'a. Liman ya shafa, wani ya ce a ƙara fatiha, aka ƙara. Malam bai motsa ba, bai dubi hanya ba ko sau ɗaya. Sai da Baba da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ta isa. Tashi ka tahi, ɗiyarka na jira. Wadda ta rasu ma a ɗaki ta haihi nata." Sannan ya yi sallama, ya ja da baya, ya sa takalmi. Biyu saura minti ashirin da biyar. Rarar duk ta tafi, saura minti hamsin da biyar, ga tafiyar minti hamsin ta mai sabon ƙarfi.

Zaman ya sanyaya masa ƙafafu. Da ya ɗaga ƙafa zai hau, cinyarsa ta riƙe, ya dafe sirdi ya tsaya yana cije leɓe. Wani daga cikin yaran ya diro da gudu ya kama bayan keken zai tura shi.

"Sake, ɗana," in ji Malam. "An ce ba a turawa."

"Ba wanda zai faɗi, Baba."

"Ni zan faɗi. Sake."

Ya hau a karo na biyu. Minti goma na farko kamar mai koyo yake tafiya, keken na karkata. Ma'aikaciyar likita ta ce in ya ƙara tangaɗi za ta sa a tsaida shi. Na ce ta ba shi kaɗan, na san tafiyarsa. A hankali ƙafar ta saki. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu: Malam ya miƙe tsaye a kan feda, ya kwantar da ƙirji, rigarsa na kaɗawa a baya. A kwarin yashi na ƙarshe bai tura keken ba, ɗaukarsa ya yi a kafaɗa, baƙin keken nan mai nauyi, ya ratsa da sassarfa, yashi na cin ƙafarsa har idon sawu. Direba ya daina taunar goro. Ni na daina duba salula, na kifa ta a cinya, ina ta salati.

Mun hango bangon ɗakin kafin mu hango mutane. An ja igiya a gabansa, malamin lakwal na tsaye da agogo a tafin hannu, matasan da suka riga isa suna tsalle suna kiran "Baba! Baba!" Tayar gaba ta taɓa igiya. Malamin ya dubi agogo, ya sake duba, ya ɗaga murya: "Biyu da minti ashirin da shida!"

Malam bai iya sauka ba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar ta ƙi tsallako sirdi. Mijin ɗiyarmu ne ya fi kusa, ga kunyar suruki, ya rasa yadda zai yi. Sai ya tuɓe takalmansa tukuna, sannan ya rungumi Malam ya sauke shi a kan tabarma, kansa a sunkuye, kowannensu na kallon wani gefe. Ɗiyarmu na tsaye a bakin zaure da mayafi a baki. Ta kawo ruwa ta durƙusa ta aje, ta ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Yawwa. Ƙaƙa jikin?" Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Taubashin ya riga mu isa a kan babur. Ya kutso cikin mutane yana cewa, "Agogon ga na ƙarya ne, a kawo wani! Wa ya ga lokacin da ya taso? Ni dai an cuce ni, an haɗa baki da malamin lakwal!" Ya tsuguna kusa da Malam ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Direba ya ba shi labarin tabarmin. Ya girgiza kai ya ce, "Minti ashirin da biyar ka zamna da kwanona a hannu? Kai dai ba ka da tausayi. Da ka ƙara biyar mana."

Malam ya ce, "Ashirin cif, bawana. Kuma mai kauri."

Ranar kasuwa ta gaba kwanon ya iso a bayan motar albasa, yana warin albasa. Kafin ruwan farko an rufe ɗakin, an sa ƙofa. Malam ya yi kwana huɗu yana salla a zaune, ya kuma koma garin Baba ran addu'ar bakwai, a motar haya wannan karon, ya yini.

Naƙuda ta zo wa ɗiyarmu wata Laraba bayan azahar, ina can wajenta. Da ƙafarta ta taka zuwa ɗakin, ni da uwar mijinta muna riƙe da ita. Muna shiga hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka ce mu jira a baranda. Ƙarar ruwa a kan sabon kwanon ta cika ko'ina, har in uwar mijin za ta yi mini magana sai ta sa baki a kunnena. Saboda haka ban ji kukan farko ba. Sai dai na ga ungozoma ta leƙo tana motsa baki, na matsa, ta sake faɗa da ƙarfi: mace ce, da ita da uwar duk lafiya. Na duba ƙasan ɗakin ta bayanta, a bushe yake. Na fito da salula na kira Malam a Tawa, sai da na faɗa sau uku kafin ya ji.